Mai Shari'a Fati Lami Abubakar da hakkin ɗiyanmu a gaban kotu



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa.

Iyayena, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi 23 da na mazaɓu, ina gaishe ku da kyau, da fatan kowa ta isa gida lafiya ta iske iyali lafiya. Wannan shi ne jawabin da na yi a zamanmu na wata-wata. An rubuta shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da waɗanda saƙon murya ke cinye musu data. Wadda ta iya karatu don Allah ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Yau ba maganar zaɓe zan yi ba, ba kuma maganar rabon atamfa ba. Tarihin wata baiwar Allah zan ɗan ba ku, Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, tsohuwar Babbar Jojin Jihar Neja. Da yawanku kun san ta a matsayin matar Janar Abdulsalami Abubakar. To ni yau ba don mijinta na kawo ta ba, don aikinta na kawo ta, kuma don akwai wani abu a cikin aikin nata da ya shafi ɗiyanmu na nan Sakkwato kai tsaye.

An haife ta a Minna ranar 12 ga Afrilu, 1951. Ɗiyar Wazirin Minna ce. Ta karanta aikin lauya a Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, sannan ta yi makarantar horon lauyoyi. Ku dubi lokacin. A shekarun 1970 ne, zamanin da a garuruwanmu ko firamare ba kowane uba ke barin ɗiya mace ta ƙare ba, sai ga Wazirin gari ya bar tasa ta ƙetare Kwara ta tafi ƙasar Yarabawa neman ilimin shari'a. Ta dawo ta shiga aikin gwamnatin jiharta, ta hau mataki-mataki har ta zama babbar lauyar gwamnati, ta kuma riƙe kujerar Antoni Janar. A 1989 aka naɗa ta alƙaliyar Babbar Kotun Jihar Neja.

Bari in ɗan tsaya nan, don na lura muna haɗa kotunan nan wuri guda kamar kayan miya. Jiha ba ta da Kotun Ƙoli. Kotun Ƙoli guda ɗaya ce a Nijeriya, tana Abuja. A jiha akwai kotunan majistare da kotunan shari'ar Musulunci a ƙasa. A sama akwai Babbar Kotun Jiha, mai shugabantar ta shi ake kira Babban Joji ko Alƙalin Alƙalan jiha, sai kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da Girandi Kadi ke shugabanta. Ba a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotu sai ya yi aƙalla shekara 10 da zama lauya. Shi kuwa Babban Joji, gwamna ne ke naɗa shi, amma sai Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta ba da sunansa, majalisar dokokin jiha ta amince. Ba kujerar da ake bayarwa don an yi wa wani kamfen ba ce.

Tana kan wannan kujera ta alƙalanci Allah ya yi wa Janar Sani Abacha rasuwa a watan Yuni na 1998, mulki ya faɗo hannun mijinta. Dare ɗaya ta zama uwargidan shugaban ƙasa. Manyan cikinmu sun tuna yadda ofishin uwargida yake a zamanin nan. Maryam Babangida ta yi shirinta na kyautata rayuwar matan karkara tun 1987, Maryam Abacha ta yi nata na tallafa wa iyali. Ita Fati Lami wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki suka yi, aka miƙa mulki ga Obasanjo ranar 29 ga Mayu, 1999. Abin da ta bari a wannan ɗan lokaci ƙungiya ce mai zaman kanta, WRAPA, da aka kafa a 1999 don kare hakkin mata da taimaka musu su samu adalci, musamman marasa ƙarfi da ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Hajiya Saudatu Mahdi, mutuniyar Katsina, ita ta daɗe tana riƙe da sakatariyarta. Shirye-shiryen matan shugabanni da yawa kan mutu ranar da maigida ya sauka. Wannan dai har yau tana aiki.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne bayan sun sauka. Ba ta ce ai yanzu ta wuce zaman kotu ba. Ta ci gaba da alƙalancinta a Minna, tana sauraron rikicin fili da na bashi da na kisan kai kamar kowane alƙali. Shekara 14 ta ƙara a haka kafin layi ya zo kanta. A watan Maris na 2013 ta zama Babbar Jojin Jihar Neja, mace ta farko da ta hau kujerar, zamanin Gwamna Babangida Aliyu. Ta yi ritaya a Afrilun 2016 da ta cika shekara 65, don a lokacin nan shi ne iyakar shekarun alƙalin Babbar Kotu. Sai a 2023 aka gyara tsarin mulki aka kai shi 70. Wadda ta gaje ta ma mace ce, Mai Shari'a Maria Dzukogi.

Na san wata za ta ce, to Hajiya, ɗiyar Waziri, matar Janar, mi zai hana ta kai can? Gaskiya ne ta samu gata, ba zan musa ba. Amma gata ba ya zauna maka jarrabawar lauya, kuma gata ba ya zaman kotu shekara 24 yana rubuta bayanan shaidu kafin a ba shi shugabanci. Mata nawa muka sani da suka fi ta gata, ba abin da suka bari sai hotunan biki?

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta Kano ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Kano tun 1977, ta tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, Kotun Ƙoli a 2005, a 2012 ta zama Alƙaliyar Alƙalan Nijeriya baki ɗaya, mace ta farko. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Mu ma nan gida, Mai Shari'a Aisha Sani Dahiru ta yi shekaru tana Babbar Jojin Jihar Sakkwato. Wato a garin Shehu, garin Nana Asma'u da jajinta da 'yan taru, mace ta shugabanci Babbar Kotu, sama kuma ba ta faɗo ba.

To mi ya sa alƙaliya, wadda ke da guduma a hannu, za ta je ta kafa ƙungiyar taimakon mata? Ni ga yadda na fahimci abin. Alƙali ba ya fita neman ƙara. Yana zaune ne, abin da aka kawo gabansa shi zai duba, kuma da hujjar da aka kawo zai yi hukunci. Ko da ya ji labari a gari cewa an cuci wata yarinya a Gwadabawa ko Tureta, ba shi da ikon tashi ya kamo mai laifi. In ba a kai ƙara ba, ba shari'a. In an kai ba shaida, dole ya sallami mutum ko da zuciyarsa na tafasa. Wanda ya daɗe kan kujerar nan zai gane cewa mafi yawan waɗanda aka zalunta ba su taɓa isowa bakin ƙofar kotu ba. Su wane ne? Matar da aka sako da ɗiya biyar ba ko kwanon gero. Marayan da baffa ya danne musu gona. Yarinyar da aka lalata a wurin talla. Tsakanin gidajensu da kotu akwai tafiya mai nisa, ba ta mota ba, ta tsoro da kunya da rashin kuɗi da rashin sanin inda za a dosa. Wannan tazarar ce ƙungiya irin WRAPA ta zo ta rage.

Akwai masu cewa duk wannan kayan Turawa ne, an kawo ne don a raba mu da addini. Ina so ku ji wannan misali. A 2002 wata kotun shari'a a Bakori ta Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, tana da jaririya a goye. WRAPA na cikin waɗanda suka tsaya mata, da lauya Aliyu Musa Yawuri a gaba. Ba su je sun ce a soke Shari'a ba. A cikin Shari'ar suka ɗaukaka ƙara, da hujjojin fiƙihun Malikiyya: cewa mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, cewa malamai sun yarda ciki na iya kwanciya ya daɗe bayan rabuwar aure, cewa kotun farko ba ta bi ƙa'ida ba. Ranar 25 ga Satumba, 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta. Mu nan Sakkwato mun ga irinsa a shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda kotunmu ta ɗaukaka ƙara ta sallama a Maris 2002. Alƙalan Musulunci ne suka gyara hukuncin alƙalan Musulunci. Abin da ya kawo bambanci shi ne an samu masu sani da suka tsaya wa matar ƙauye har gaban manyan alƙalai. Da ba a samu ba fa? Ku tuna da jariran nan.

Mu da muka yi Islamiyya, ai mun karanta babin shayarwa da reno da ciyarwa a cikin Risala. A mazhabarmu ta Malikiyya, in aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗiyanta, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan inna, 'yar'uwar uwa. Ci da sha da sutura da magani kuma suna kan uba, ko ɗiyan suna hannun wa. Wannan ba dokar Abuja ba ce, ba ta Ingila ba ce, karatun zaure ne. Amma sau nawa aka fizge yaron da ko yaye bai gama warkewa ba aka kai wa kishiya, uwar na kuka, mu kuma muna ce mata ta yi haƙuri? Haƙuri ibada ne, amma ba mu da ikon yafe hakkin yaro a madadinsa. Kotun shari'a na nan a kowace ƙaramar hukuma, kuma irin wannan ƙara aikinta ne.

Yanzu ga inda maganar ta zo gida. A 2003 aka yi dokar kare hakkin yara ta tarayya, Obasanjo ya sa hannu. Amma saboda yadda tsarin mulki yake, sha'anin yara na jihohi ne, sai majalisar kowace jiha ta yi tata. Jihohin Arewa da yawa suka ja ƙafa, malamai da sarakuna suka ce sai an duba wuraren da suka ci karo da addini da al'ada, kuma suna da gaskiyarsu a wasu wurare. Mu Sakkwato sai a watan Nuwamba na 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta jiha, tare da dokar hana cin zarafin jama'a. Shekara 18 muka jira. Kuma don Allah kada wata ta ce dokar wane ce ko ta jam'iyyar su wane. Ranar da aka sa mata hannu ta zama ta kowa, mai cutar yaro kuwa ba ya tambayar katin jam'iyyar uwarsa.

Ita dokar tarayya ta tanadi kotun iyali, a matakin majistare da na Babbar Kotu, inda ake sauraron shari'ar yaro ba a bainar jama'a ba, ba a kuma yarda a buga sunansa ko hotonsa ba. Ta ce yaron da ya yi laifi kada a haɗa shi da manyan fursunoni. Wannan na sirri yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu, don abin da ke hana uwa kai ƙara shi ne tsoron gobe a ce ɗiyarta ce aka yi wa kaza, ta rasa mijin aure. Tamu ta jiha kuma ina roƙon lauyoyin da ke cikinmu su nemo mana kwafi daga Ma'aikatar Mata da Yara ko Ma'aikatar Shari'a, su zo su karanta mana ita sashe-sashe da Hausa. Abin kunya ne a ce muna shugabancin mata, mun haddace sunayen wakilan akwati, amma ba mu san abin da dokar ɗiyanmu ta ce ba.

Bari in ba ku abin da na gani da idona a wata unguwa cikin garin nan, ba zan faɗi suna ba. Yarinya ce ba ta kai shekara goma ba, tana tallan ƙuli-ƙuli da yamma. Wani magidanci ya ja ta shago. Da uwar ta gane, abu na farko da ta yi shi ne ta gasa ta da ruwan zafi, ta wanke tufafin tas, don tausayi da ruɗewa. Kwana biyu ana shawara a cikin gida. A na uku dattawa suka zauna a zaure, aka ce a rufa asiri, mutumin yana da iyali, aka ba uban 'yan dubbai na magani, aka yi fatiha aka tashi. Da labari ya iso gare mu sati ya wuce. Ko da an kai kotu a lokacin, mi za a ajiye gaban alƙali? Ba tufafi, ba takardar likita, shaidu kuma duk sun ci goron sulhu. Ku kawo Fati Lami, ku kawo Aloma, ku haɗa su kan kujera ɗaya, ba abin da za su iya. Mutumin yana nan yana buɗe shagonsa kullum, yara na wucewa ta gabansa.

Saboda haka ku riƙe wannan, ku gaya wa matan mazaɓunku. In irin haka ta faru, Allah ya kiyaye, asibiti ake fara zuwa, ba gidan mai unguwa ba. Kada a yi wa yarinya wanka, kada a wanke tufafin, a naɗe su a tafi da su. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake bayarwa, amma sai an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, in ya wuce ya wuce. Nan cikin Asibitin Ƙwararru na Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija da aka buɗe a 2020 musamman don irin wannan, ana duba mutum kyauta cikin sirri, ana kuma ba da shawara. Daga nan sai 'yan sanda. In ba kuɗin lauya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta gwamnatin tarayya, akwai Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam. In maganar safarar yara ce, irin masu zuwa ƙauye su kwashi 'yan mata da sunan aikatau a birni, hukumar NAPTIP na da ofishi a garin nan. Fyaɗe laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma. Mai unguwa na iya sasanta rikicin kan iyaka ko na akuya ta ci shuka, wannan ba huruminsa ba ne.

Wani ƙaramin abu da muke rainawa, takardar haihuwa. A kotu, shekarun yaro kan juya shari'a gaba ɗaya. Lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe ya ce ai babba ce, da yardarta aka yi. Uwa ta ce an haife ta shekarar da aka yi ambaliya. Alƙali ba ya rubuta shekarar ambaliya. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yin rajistar, ana samun ma'aikatansu a asibitoci da sakatariyar ƙananan hukumomi. Duk gidan sunan da kuka je, bayan barka da turmin atamfa, ku tambayi maijego ko an yi wa jariri takarda.

Sai abin da ya fi wuya, wanda a nan nake ganin mu matan siyasa muke da laifi babba. Sau da yawa in aka kama mai irin wannan ta'asa, wayar da ke fara shiga ofishin 'yan sanda ta ɗan siyasa ce: yaronmu ne, a sake shi. Wani lokaci ma mu ake turowa gidan uwar yarinya mu lallashe ta ta janye, don an san muna da baki a wurin mata. Ina roƙonku da girman Allah, duk wadda aka aiko irin wannan aike ta ce ba za ta ba. In mai aiken ya fi ƙarfinki, ki kira ni, ni zan ba shi amsa. Kuma in an fara shari'a, kada mu bar uwa ita kaɗai. Shari'a a ƙasar nan ɗagewa gare ta, yau lauya bai zo ba, gobe alƙali na taro, kuɗin Keke Napep kaɗai ya isa ya sa talaka ya saduda. Mu da ke iya cika motoci goma zuwa gangami, ba za mu kasa samun mata biyu da za su raka ta kotu duk ranar zama ba.

Game da ɗiyanmu mata masu karatu kuma, kowa likita ko nas take so tata ta zama, madalla, muna buƙatarsu. Amma Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da tsangayar koyon aikin lauya a nan bakin ƙofarmu, ana haɗa shari'ar Musulunci da ta zamani. Shekara biyar ne, sai shekara guda a makarantar horon lauyoyi, akwai reshenta a Bagauda ta Kano. Ba sai ta je Ife ba kamar Fati Lami. Yarinyar da aka cuta takan iya faɗa wa mace abin da ba za ta taɓa iya furtawa gaban namiji ba, ko lauya ne ko ɗan sanda. Wadda take da ɗiya mai baki da kaifin ƙwaƙwalwa, wadda kullum kuke cewa ta cika gardama, ku duba mata wannan hanya.

Kafin zamanmu na wata mai zuwa, kowace shugabar mazaɓa ta zaɓo mata biyu masu riƙon amana da rufin asiri, ba masu kai labari gidan biki ba, ta tura sunayensu ga shugabar ƙaramar hukumarta. Su za mu fara zaunarwa da lauyoyin su koyi matakan nan. Kuma kada wadda ta saka sunan yarinya ko hotonta a wannan zaure ko a Facebook da sunan neman taimako, ku kira ni ko sakatariya kai tsaye. Za a sanar da rana da wurin zama nan gaba kaɗan.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ƙara wa Mai Shari'a Fati Lami lafiya.